Fijo 504 Ɗin Kakana da Sikelin 'Yan Jari-Bola

Ana saura mako biyu mu fara SIWES na koma gida, na tarar da mutum biyu a ƙofar gidanmu suna zagaya motar kakana. Ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙofarta da ɗan yatsa, ɗayan ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Na ɗauka masu sayen mota ne, ashe 'yan jari-bola ne, lissafinsu kawai kilo nawa za ta yi in an sassare ta. Motar Peugeot 504 ce, wadda duk muka sani da Fijo, fara, haɗin Kaduna, ƙirar 1984. Tun rasuwar kakan namu take ajiye a gindin dalbejiya, shekara tara ke nan. Tayoyi sun sace, kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Kuɗin da suka taya ta, wallahi bai kai na wayar da ke aljihun wasunku ba.

Na samu Baffa, ƙanen mahaifina wanda yake riƙe da gidan, na ce, "Baffa, don Allah a ɗaga mini ƙafa zuwa in gama difloma. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan kirawo su."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko facin keke ba ka iya ba? To, na ji. Amma ranar da ka karɓo sakamakonka, ko ta bar gindin bishiyar nan da ƙafarta, ko ta bar shi a kan kura."

Wannan ne ya sa na nemi yin SIWES ɗina a garejin wani dattijon makanike da ya shafe fiye da shekara arba'in yana gyaran Fijo. Kowa Baba yake ce masa. Abin da na koya a wurinsa, da wanda na karanta, shi nake so in ɗan warware wa 'yan uwana ɗalibai: mece ce wannan harka ta farfaɗo da tsofaffin motocin Turai, yaya ake yin ta, kuma me ya sa ta shafe mu, mu da muke makarantar koyon fasaha.

Tsohuwa daban, akwala daban

A wurinmu in an ce tsohuwar mota, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne akwala mai baƙin hayaƙi, wadda sai an tara yaran unguwa sun tura. A Turai kuwa akwai wani rukuni na tsofaffin motoci da ake ɗauka a matsayin kayan tarihi, har doka ta san da su. Akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu irin waɗannan motoci mai suna FIVA, wadda aka kafa a 1966. A ƙa'idarta, mota tana zama ta tarihi in ta kai shekara 30, aka kula da ita a kan yadda aka ƙera ta tun farko, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A Jamus irin wannan mota, in ta ci gwaji, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe. A Birtaniya motar da ta kai shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya. Duk watan Nuwamba kuma ana jerin gwano daga Landan zuwa garin Brighton, tafiyar kusan mil 60, kuma ba motar da ke shiga sai wadda aka ƙera kafin 1905. Kamfanin Peugeot ma yana da gidan tarihinsa a garin Sochaux na Faransa, inda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallon motoci irin waɗanda muke ɗaure akuya a jikinsu.

To ka duba lissafin nan. Motar kakana ta 1984 ta wuce shekara 30 tuni. Da a Jamus take, kuma da lafiyarta, da tana da lamba mai H. Bambancinta da waɗancan ba shekaru ba ne, kulawa ce.

Yadda suka zama namu

An fara nuna 504 a Faris a 1968, kamfanin zane na Italiya, Pininfarina, shi ya tsara jikinta. A 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai. Sunanta ya ƙara fita a Afirka ta hanyar tsere: a 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da wata 504 mai ƙofa biyu. Tseren Safari na wancan zamanin ba na kwalta ba ne, dubban kilomita ne na taɓo da ƙura da duwatsu, inda yawancin motocin da suka tashi ba sa kai ƙarshe.

A shekarar 1975 ɗin nan dai masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot. Gwamnatin soja ta lokacin ta mayar da Fijo motar aikin gwamnati, har shugaban ƙasa Janar Obasanjo 504 yake shiga. Ma'aikata suka riƙa karɓar rancen mota suna saye, kamar yadda kakana ya yi. Wagon ɗinta ta cika tashoshinmu, ita ce Kano-Jos, ita ce Kaduna-Sakkwato. A-kori-kura ta kama ɗaukar buhuna ranar kasuwa. An daina ƙera salun ɗin 504 a Faransa a 1983, amma a Kaduna aka ci gaba da haɗa ta har 2006. Wato daga 1968 zuwa 2006, shekara 38, kuma nan ne ta yi zangonta na ƙarshe.

Ba ita kaɗai ba ce. Volkswagen ma ta buɗe masana'anta a Legas a tsakiyar shekarun 1970, inda aka haɗa Beetle, wadda Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru. An ƙera Beetle sama da miliyan 21 a duniya kafin ta ƙarshe ta fito a Meziko a watan Yulin 2003. Sai Marsandi, musamman ƙirar W123 da aka fara sayarwa a 1976, mai lamba 200 ko 230 a bayanta, motar alhazan birni da manyan 'yan kasuwa. An ƙera kusan miliyan 2.7 daga cikinta. Duk motocin Turai ne, amma da su aka kai iyayenmu mata ɗakin aure, da su aka kai mu asibitin haihuwa muka dawo.

Me ya sa ake iya tayar da su?

Ranar farko a gareji Baba ya buɗe bonet ɗin wata 504 ya ce, "Yaro, me ka gani?" Na ce inji. Ya ce, "Ka ga ƙasa ta gefensa ko ba ka gani ba?" Na leƙa, lallai ana hango ƙasa. Buɗe bonet ɗin motar zamani, roba ce baƙa ta rufe komai, ko hannu ba ya shiga. A tsohuwar mota kowane abu a fili yake, kuma kowane abu aiki ɗaya yake yi.

Injin fetur abin da yake nema bai da yawa: iska da mai a gauraye daidai, matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. A motar zamani kwamfuta ce ke tsara wannan, tana karɓar bayani daga na'urori masu yawa. In ta rikice sai an jona mata wata kwamfutar ta faɗi abin da ke damunta. A 504 kuwa ƙarfe ne da sifirin da waya ke yin aikin, kuma ana ganinsu.

Ɗauki kafireta. 'Yan sashenmu za su tuna darasin da aka yi mana cewa in iska ta bi ta matsattsen wuri gudunta yana ƙaruwa, matsinta yana raguwa. Mun haddace, mun zuba a jarrabawa, mun manta. To, kafireta wannan darasin ne a cikin ƙarfe. Fistin yana sauka ya zuƙo iska ta wani maƙogwaro da aka matse tsakiyarsa, raguwar matsi a wurin ta jawo fetur ta wani ɗan rami da bai fi tsinin allura da yawa ba, su gauraya su shiga silinda. Gaurayen da ke ƙonewa tas shi ne kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Mai ya yi yawa, ka ga baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. Ya yi kaɗan, inji ya yi zafi yana tari. Shi ya sa Baba yake kwance fulogi ya duba launin bakinsa kamar yadda likita ke duba harshe.

Wutar kuma daga kwayil take. Batir volt 12 kawai yake bayarwa, ba zai iya tsallake tazarar bakin fulogi ba. Kwayil yana ɗaga shi zuwa dubbai masu yawa, kuma yana yin haka ne a daidai lokacin da wasu 'yan ƙarafa biyu a cikin distributa, waɗanda ake kira kontak, suka rabu. Tazararsu in sun buɗe kusan milimita 0.4 ce. Daga nan distributa ta raba wutar ga silinda huɗu a jere: 1, 3, 4, 2. Ka sauya wayoyin fulogi biyu, inji zai yi ta harbi kamar bindiga, ba zai zauna ba. 'Yan sashen lantarki, wannan tiransfomarku ce, a cikin gwangwani.

Akwai wata dabara a injin 504 da ta sa ya daɗe a hannun mutanenmu. Silindarsa ba a jikin bulok aka huda ta ba, wasu bututun ƙarfe ne da ake kira silif, ana zura su ana zare su, ruwan sanyaya inji yana zagaya su kai tsaye. In sun cinye ba sai an kai bulok wurin injin gurzawa ba. Ka sayo silif da fistin da ringi sababbi ka zura, inji ya koma kusan sabo. Ana iya yin wannan a gindin bishiya. Sannan sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya a cikin bututu take a rufe, ƙura da duwatsu ba sa samunta. Ƙafafun motar kuma suna da dogon zango na sama da ƙasa, shi ya sa take haɗiye ramuka.

Sauran ma kowace da hikimarta. Beetle ba ta da lagireto sam, iska ce ke sanyaya injinta da ke baya, kuma ƙusoshi huɗu ne ke riƙe injin a jikin giyabos. Marsandi W123 mai shan gas kuwa famfon manta na ƙarfe ne zalla, in ta riga ta tashi ba ta buƙatar wutar lantarki don ta ci gaba da aiki.

Lallaɓawa da farfaɗowa

Abin da muka saba yi wa tsohuwar mota shi ne lallaɓawa: a ɗaure da waya, a toshe da sabulu, a cire fiyus a sa ƙusa, in dai za ta kai gobe. Farfaɗowa kuwa mayar da kowane sashe ne yadda aka ƙera shi, kuma tana da tsari. Wanda ya fara daga fenti ya fara daga ƙarshe.

Takardu ne farko. Ka duba lambar shasi da ta inji, ka tabbatar sun yi daidai da abin da ke takarda. In motar gado ce, a zauna da magada a yi magana a rubuta. Kada ka zuba wahalarka ta shekara biyu, ranar da ta yi kyau wani ya tuna shi ma kakansa ne.

Sai jiki. Inji ana sauya shi, amma jikin da tsatsa ta cinye ya fi komai cin kuɗi da lokaci. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba ƙarƙashin ƙofofi, cikin but, wurin batir, da inda shokazoba ta kama jiki. Ka zo da ɗan maganaɗisu ka riƙa manna shi a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cika a wurin aka shafe da fenti. A nan mu 'yan Arewa muna da sa'a. A Turai gishiri ake watsa wa tituna lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa shi ya cinye ɗimbin motocinsu. Busasshiyar iskarmu tana adana ƙarfe. Motar kakana shekara tara a waje, amma wuri biyu kawai aka yi wa walda, duka a but inda ruwan sama ya kwanta.

Na uku, kada ka yi gaggawar tayar da inji. Ni na yi wannan wautar. Kafin in je wurin Baba na aro batir, na zuba fetur a tanki, na murɗa makulli. Allah ya taimake ni kik ɗin ya ƙi juyawa. Da na ba Baba labari sai ya ce, "Wanda ya yi shekara tara a kwance, ka tashe shi ka ce ya yi gudu?" Fetur in ya daɗe yana zama kamar ƙaro, tanki ya yi tsatsa, baƙin mai kuma ya gangara ƙasa ya bar ƙarafa a bushe. Abin da ake yi shi ne a cire fulogai, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki, sannan a juya injin da sifana a hankali. A sauke tanki a wanke, a kwance kafireta a wanke, a juye baƙin mai da matatarsa. Sai a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran, ka san akwai aiki a ciki.

Tamu silinda ta uku ce ta gaza, dole muka cire kan injin. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya ci mini kuɗi. Baba ya tafi sallar La'asar, ni kuma ɗokin ganin fistin yana motsi ya sa na juya injin. A inji mai silif, in an cire kai dole a danne silif ɗin da ƙarfe kafin a juya, in ba haka ba fistin zai ɗago su, abin da ke toshe ruwa a gindinsu ya saki, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Haka kuwa aka yi, biyu suka ɗago. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, yanzu za ka ga cikin inji har ƙasa, kuma da kuɗinka." Aikin kwana biyu ya koma na mako uku.

Na huɗu birki, kuma kafin a hau titi. Man birki yana tsotsar damshi daga iska, ya sa tsatsa a ciki, shi ya sa ake so a sauya shi duk bayan shekara biyu ko da motar na aiki. Duk wata roba ta birki a motar da ta daɗe a ajiye, sauya ta. Haka taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2312, mako na 23 ne na 2012. Ko zanenta bai cinye ba, ta mutu.

Sai waya. Ɓera ya fi tsatsa ɓarna a motar da aka ajiye. A bi waya ɗaya bayan ɗaya, a mayar da kowane fiyus daidai ƙarfinsa. Da yawan tsofaffin motocin da ke kamawa da wuta, tsohuwar waya ce ko tsohon tiyon fetur.

Fenti da kujeru su ne na ƙarshe. Kuma tun daga ranar farko ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, ka zuba ƙusoshin kowane sashe a ledarsu ka rubuta suna. Bayan wata uku ba za ka tuna ba, ko kai ne na ɗaya a aji.

Kayan gyara fa? Na inji da na birki har yanzu ana samu a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, sai dai a yi hattara da jabu. Masu wahalar samu su ne fitilun gaba na asali, ƙarafan ado masu sheƙi, dashbod da bai tsage ba, da tambarin zaki. Waɗannan sai dai a jikin wata motar. Duk wadda aka sassare, da su ta tafi.

Kulawa bayan ta tashi

Maƙiyan tsohuwar mota a ƙasarmu rana ce da ƙura da kuma zama. Rana tana fasa dashbod, ta busar da robobi, don haka a nema mata inuwa, amma ba a naɗe ta da leda ba, leda tana tara gumi. Lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska akai-akai, domin ƙurar da ta wuce ta tana gurzar silinda kamar sanfefa. Zama kuwa shi ya fi kashe ta. A riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi sosai. Tayar da ita minti biyu a kashe ba ya wadatarwa.

Akwai al'adu biyu da ya kamata mu bari. Ɗaya, zuba ruwan rijiya tsura a lagireto. Kan injin 504 na alminiyam ne, bulok ɗin kuma na baƙin ƙarfe, ruwa tsura yana cin su, ya toshe hanyoyin lagireto. A sa ruwan sanyaya inji na gaskiya. Ta biyu, cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya kuma tsaya a nan. Injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In mota tana zafi, a nemo dalilin a lagireto ko fanka ko famfon ruwa.

A bayan sitiyari

Tuƙa ta wani abu ne daban. Da safe ka ja cok, ka saurari inji har muryarsa ta daidaita. Sitiyarin tamu ba shi da na'urar sauƙaƙawa, a tsaye yana da nauyi, amma da ta fara tafiya sai ya yi laushi, kana jin titi a tafin hannunka. Giya huɗu ce, kunnenka ne ke gaya maka lokacin sauyawa. Kujerun kuwa, duk wanda ya taɓa yin barci a Fijo daga Zariya zuwa Funtuwa ya san abin da nake nufi.

Amma a faɗi gaskiya. Ba ta da jakar iska ta kariya, ba ta da birkin ABS, kuma a karo motar zamani ta fi ta kare rai nesa ba kusa ba. Tana shan mai fiye da ƙananan motocin yanzu, ga shi tun cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take. Hayaƙinta ma ya fi yawa. Saboda haka ba motar tsere ba ce, ba kuma ta burge 'yan hostel da ƙarar taya ba. Ka ɗaura bel, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, ka guji tafiyar dare. Masu wannan sha'awa a Turai ma ba da su suke zuwa aiki kullum ba.

Abin da ke kan sikeli

Ba na zargin 'yan jari-bola, sana'arsu suke yi, kuma suna rage mana shara. Ba na zargin Baffa, mota a ƙofar gida tana tare wuri, macizai na samun maɓoya. Ba kowace akwala ce kuma za a ceta ba, wadda tsatsa ta cinye shasinta gara ta ba da kayanta ga wata. Abin da ke damuna shi ne ana sassare masu lafiyar jiki ba tare da kowa ya buɗe bonet ba, kuma ba a ƙera wasu.

Akwai abin da ya fi ƙarfen saurin ƙarewa. Baba ya haura saba'in. Yana iya ɗora sukundireba a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotarta, ya gaya maka wane bawul ne ke ƙara. Yaran garejinsa duk sun koma gyaran motocin zamani da Keke Napep, don nan kuɗi yake, kuma ba laifinsu ba ne. Iliminsa ba a rubuce yake ba. Mu kuma muna nan muna zana injin a takarda, da yawanmu za mu karɓi difloma ba mu taɓa riƙe fistin a hannu ba. Ni kaina sai da na ga silif ya ɗago na fahimci abin da na ci maki a kansa tun ajin farko.

Kuma aikin ba na 'yan kanikanci kaɗai ba ne. Wani abokina ɗan sashen lantarki shi ya bi mini wayoyi a ranakun Asabar uku. Wata 'yar ajinmu ita ta daidaita kafireta, don hannunta ya fi nawa natsuwa. Kujeru na jiran masu ɗinki da zane. 'Yan akanta za su iya riƙe littafin kashe kuɗi, domin wannan harka tana cin kuɗi a hankali kamar gara, ni da gyaran janareto nake tara nawa. 'Yan aikin jarida kuwa, ku ɗauki waya ku je ku naɗi hirar dattawan gareji tun suna nan. Masu neman abin da za su yi furojet a kai, ga shi a ƙofar gidajenku.

Motar ta tashi ranar wata Asabar, wata bakwai bayan maganata da Baffa. Ta yi tari sau biyu, ta watso hayaƙi da ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara a salansa, sannan ta zauna. Kakata ta fito daga cikin gida ba ko mayafi, ta ce tun daga ɗaki ta gane muryar. Baffa ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Tashi daban, tafiya daban." Gaskiyarsa. Yanzu an gama birki, na sayi tayoyi biyu, saura biyu da sabunta takardu, fenti kuwa sai abin da hali ya yi. Sakamako zai fito nan da 'yan watanni.

In akwai irinta a gidanku, Fijo ko Beetle ko Marsandi, kafin a kira mai sikeli ka roƙi mako ɗaya. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa, ka sa sifana a injin ka ga ko zai juya, ka nemo takardunta a akwatin tsoho. In ya juya, ka nemi dattijon makaniken unguwarku ka gaishe shi da kyau, ka ce ya zo ya gani.